TARIHIN MASASSARAR DA KE FITOWA DAGA GARKE

  

Yau tarihi za mu ba ku, tarihin wani ciwo. Ciwo ne da ke kama bisashe, daga jikin bisashe kuma ya tsallaka ya kama mutum. Likitoci suna ce da shi masassarar Kwarin Rift. A shekarar 2016 ya ɓulla a jihar Tawa, ya yi kisa a ƙasar Cintabaraden. Da yawa cikinku sun ji labarin a lokacin. Amma daga ina ya fito? Wace hanya ya biyo? Me ya sa ya tarar da mu ba shiri? To, ku gyara zama.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Wanda ya san Afala ya san inda take. Tana arewa da birnin Tawa, wajen da gonakin hatsi ke fara ƙarewa, dajin kiwo ke fara buɗewa. Tun ranar 26 ga watan Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka, ta ja iyaka: kudu da ita noma, arewa da ita kiwo. Amma bisa ba ta san doka ba. In damina ta faɗi, garkuna su yi arewa, su nufi Azawak, wasu har Ingal wajen ƙasa mai gishiri. In an yanke hatsi, su juyo kudu, su shiga gonaki su ci kara, su bar taki. Manomi ya ba da hatsi, ya karɓi nono. Haka abin yake tun kaka da kakanni. Ko cikin gari, gida nawa ne babu akuya ko tunkiya? Akuyar mace ita ce asusunta. Ran suna, ran biki, ran rashin lafiya, ita za a ja zuwa kasuwa.

Mutanen da ke zaune da bisashe haka, dole su san ciwon bisashe. Wanda ya fi ba kakanninmu tsoro shi ne bushiya, ciwon shanu. A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu marasa lafiya a Masawa, bakin Bahar Maliya. Daga nan bushiya ta kama hanya kamar wutar daji. Wajen 1891 ta iso ƙasashenmu. A wurare da yawa, cikin shanu 10 sai 9 su mutu. Mai garke ya wayi gari da sanda kaɗai a hannu.

Ta yi ta dawowa bayan haka. A 1962 aka soma babban yaƙin allura. Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka haɗa kai. Tsofaffin makiyaya suna tune da shi: a tara shanu, a yi masu allura, a yi masu shaida a kunne. A farkon shekarun 1980 ta sake tashi, aka sake tasar mata. Sai a 2011 aka yi shela cewa duniya ta rabu da bushiya. Bayan agana, wadda aka yi shelar ƙarewarta a 1980, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar daga doron ƙasa.

To, ga abin lura. Duk ɓarnar bushiya, ba ta kama mutum. Ta jawo yunwa, ta jawo talauci, amma mahauci bai kwanta ba don ya taɓa jinin saniya. Don haka mutane suka saba ganin ciwon bisa daban, ciwon mutum daban. Bisa ta kwanta, an ga ba za ta tashi ba, sai a ce: maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A yanka, a feɗe, a raba nama, a rage asara. Tunkiya tana naƙuda ta kasa, mai ita ya sa hannu ya jawo ɗan. Kada wani ya ce wannan wauta ce. Tattali ne na wanda abin hannunsa bai da yawa. I, makiyaya sun san ciwon saifa, sun san wanda ya feɗe mushen saifa yana iya fitar da mugun ƙurji mai baƙin kai. Sun san haukan kare. Amma waɗannan jefi-jefi suke zuwa, ba su canza al'adar wuƙa ba.

TUMAKIN KENYA

Yanzu mu bar Adar, mu yi gabas mai nisa, mu je ƙasar Kenya. Akwai wani kwari a can, kamar kwarin Keita ko na Badagishiri, sai dai ya fi su tsawo da faɗi nesa ba kusa ba, har ya ratsa ƙasashe da yawa. Turawa suka sa masa suna Rift, wato tsagewar ƙasa. Cikinsa akwai wani babban tabki, sunansa Naibasha. Lokacin da Kenya ke hannun Ingila, wasu Turawa suna kiwon tumaki masu gashi a bakin wannan tabki.

A 1930 aka yi ruwan sama mai yawa. Bayan ruwan, sai ɗiyan tumaki suka shiga mutuwa, dubbai cikin ƴan makonni. Tumaki masu ciki suka yi ta ɓari. Aka kira likitocin bisashe. Suka buɗe mushe, suka tarar hanta ta lalace. Ba a jima ba, sai su kansu masu buɗe mushen suka kwanta da masassara, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi. Masu kiwon tumakin ma haka. Bayan ƴan kwanaki suka miƙe.

A 1931 mutum uku, Daubney da Hudson da Garnham, suka rubuta abin da suka gano. Wata ƙwayar cuta ce, ƙarama ƙwarai, irin wadda ake kira birus, wadda ido ba ya gani. Suka zargi sauro da ɗaukar ta daga tunkiya zuwa tunkiya. Daga baya, a ƙasar Uganda, aka kama sauron daji, aka tarar da ƙwayar cikin jikinsa. Zargi ya tabbata. Sunan kwarin nan kuwa ya bi ciwon har yau, ko da yake ciwon ya daɗe da barin kwarin.

Shekara da shekaru ana ɗaukar sa ciwon tumaki ne, mai ɗan taɓa mutum ya sake shi. A 1950 da 1951 ya kashe tumaki wajen 100,000 a Afirka ta Kudu. Masu dukiya suka yi kuka, amma mutane ba su firgita don ransu ba.

Ƙasar Masar ce ta buɗe idon duniya. A 1977 ciwon ya faɗa ƙauyukan bakin kogin Nilu, inda ake noman ban ruwa, inda mutum da bisa ke kwana gida ɗaya. Hukuma ta ƙidaya marasa lafiya 18,000, da mamata 598. Masana suka ce waɗanda suka kamu sun kai wajen 200,000. A nan aka ga mutum yana aman jini, aka ga mutum ya warke amma ido ya tafi.

Shekara 10 bayan haka ya bayyana a namu gefen, Afirka ta Yamma. A 1986 aka gama madatsar ruwa ta Diyama a kan kogin Senegal. Ruwa ya kwanta inda da ba ya kwanciya. A 1987 ciwon ya ɓarke a Roso, ƙasar Muritaniya, ya kashe mutum sama da 200. Madatsar ruwa abin alheri ce, mu mutanen Adar mun san amfaninta. Sai dai ruwan da ya kwanta yana kiran sauro, yana kiran garke, yana kiran mutum, duk su haɗu wuri ɗaya.

A shekarar 2000 ya tsallaka Bahar Maliya, ya shiga Saudiyya da Yaman. Wannan ne karo na farko da aka gan shi wajen Afirka. Nan da nan Saudiyya ta rufe ƙofa, ta hana shigo da bisashe daga ƙasashen gabashin Afirka. Makiyayan Somaliya, waɗanda ke sayar da raguna don aikin hajji, suka rasa babbar kasuwarsu har 2009. Ku auna wannan da kanku. Raguna da shanu nawa ke bi ta Konni su tsallaka Illela kowane mako? In aka rufe wannan ƙofa shekara 9, ina farashin ragon mutumin Afala zai tsaya?

A 2010 kuma aka yi ruwan da ba a saba gani ba a hamadar arewacin Muritaniya. Ciwon ya tashi a can, ya kashe raƙuma, ya kashe mutane. Ashe ƙasar rairayi ma ba ta tsira ba.

SIRRIN BAKIN TABKI

Kafin mu zo kan 2016, ya kamata ku san yadda ciwon nan ke ɓuya da rani, ya fito da damina. In kun gane wannan, kun gane sauran labarin.

Sauro iri-iri ne. Wanda ke kawo masassarar cizon sauro, wadda muka sani kowace damina, a kan ruwa yake ƙwai. Amma akwai wani iri wanda ke zuba ƙwansa cikin laka, a gefen tabki, inda ruwa ya fara janyewa. Tabki ya ƙafe, laka ta tsattsage, iska ta hura, rana ta gasa. Ƙwan nan yana nan, bai mutu ba. Yana iya yin watanni, har fiye da shekara, yana jira. In uwar sauron tana ɗauke da ƙwayar ciwon, tana iya barin ta cikin ƙwan. Ran da ruwa mai yawa ya cika tabkin har ya rufe tsohuwar laka, sai ƙwai su ƙyanƙyashe lokaci ɗaya. Sabon sauro ya tashi da cuta a bakinsa tun bai ciji kowa ba.

Wa zai tarar a bakin tabki? Garke. Ya ciji tunkiya, ƙwayar ta hayayyafa cikin jininta. Sannan sauran sauro, na kowane iri, su zo su sha wannan jini, su kai ma akuya, su kai ma saniya, su kai ma raƙumi. Garken ya tashi ya koma wani tabki, ya tafi da cutar cikin jijiya. Sauro ba ya tafiya mai nisa da kansa. Ƙafar bisa ce ke yi masa tafiyar, ita da motar ƴan tireda.

A jikin garke alamar ba ta ɓuya. Tumaki suka fi jin jiki. Ɗiyan tumaki sababbin haihuwa, cikin 10 wajen 9 suna mutuwa. Manya ba su cika mutuwa haka ba. Amma tunkiya mai ciki in ta kamu, kusan kullum sai ta yi ɓari. Ɓari ɗaya ba labari ba ne, kowane makiyayi ya saba da shi. Amma yau uku, gobe biyar, jibi garken maƙwabci ma haka, ga damina mai ruwa, ga sauro: wannan ita ce ƙararrawa.

Mutum fa? Sauro yana iya ba shi ciwon, amma ba ta nan ya fi samun sa ba. Ta hannu ne. Jinin bisa mara lafiya, da ruwan haihuwa, da mahaifa, da ɗan ɓari, duk cike suke da ƙwayar. Ta shiga ta ɗan rauni a yatsa, ko ta hanci lokacin da jini ke feshi wajen yanka. Madarar da ba a tafasa ba ita ma ana jin tsoron ta. Saboda haka wanda ke kan gaba shi ne makiyayi, da mahauci, da mai fiɗa, da uwargida mai wanke kayan ciki, da yaron da aka ce ya jefar da ɗan ɓari bayan gari. Wuƙa tana halalta nama, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Wuta ce ke kashe ta. Naman da ya dahu sarai ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana tsakanin wuƙa da tukunya.

Kwana 2 zuwa 6 bayan kamuwa, masassara ta sauko, da ciwon kai, da ciwon jiki. Yawancin mutane suna warkewa cikin mako ɗaya, wasu ma ba su san sun kamu ba. Amma cikin mutum 100, akwai ɗaya ko biyu da ciwon ke taɓa ma ido, wani ya rasa gani har abada. Akwai wanda yake hau ma ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wanda hantarsa ke lalacewa, ido ya yi ɗorawa, jini ya fito ta hanci da dasashi, ya yi aman jini. Cikin masu zubar jinin nan, wajen rabi ba su tashi. Abu ɗaya mai sanyaya rai: ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya ba ɗan'uwansa mutum wannan ciwo ba. Don haka ba dalilin gudun mara lafiya.

DAMINAR 2016

Ƙwayar ba baƙuwa ba ce sarai a ƙasarmu. Tun cikin shekarun 1980 masu bincike sun auna jinin bisashen Nijar, har da raƙuma, sun ga alamar ta taɓa ratsawa. Amma ba a taɓa shelar annobarta cikin mutane ba sai 2016.

Cintabaraden tana arewa maso gabas da birnin Tawa, tafiyar sama da kilomita 100. Ƙasar kiwo ce, ta Abzinawa da Fulani da Larabawa. Da damina tabkuna suna cika, garkuna daga ko'ina suna haɗuwa. A farkon watan Agusta 2016 mutane suka fara kwanciya. Masassara, ɗorawar ido, zubar jini. A daidai lokacin, bisashe suna mutuwa, suna ɓari. To, amma watan Agusta ne, watan da kowane gida ke da mai masassarar cizon sauro. Wa zai ce wannan daban take? Mai jinya ya nemi ƙwayar magani a kasuwa, ko ya jiƙa sassaƙe. Mai garke kuma yana can yana fama da asararsa, yana yanka abin da zai yanku. Labarin garke yana hannu ɗaya, labarin gidan likita yana wani hannu, ba su haɗu ba.

Ranar 30 ga Agusta labari ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwamnati ta aika ma'aikatan lafiya da na kiwo tare, suka ɗebi jinin mutane da na bisashe. Aka aika shi Dakar, cibiyar Pasteur. Ranar 16 ga Satumba amsa ta fito. Cikin jinin mutum 13, 6 suna da ciwon. Cikin na bisashe 6, 3 suna da shi. Masassarar Kwarin Rift ce.

Ku lissafa da kanku. Daga 2 ga Agusta, ranar da aka rubuta mara lafiya na farko, zuwa 16 ga Satumba, kwana 45 ke nan. Kwana 45 ana mutuwa ba a san sunan mai kisa ba. Zuwa 22 ga Satumba an rubuta marasa lafiya 64, cikinsu 28 sun rasu. Mafi yawansu maza ne, makiyaya da manoma.

Wannan lissafi yana da ban tsoro, kusan rabi. Alhali kuwa a duniya, in an haɗa duk waɗanda suka kamu, wanda ke mutuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Me ya kawo wannan bambanci? Amsar tana cikin nisan daji. Makiyayin da masassara ta kama kwana huɗu ta sake shi, ba zai bar garke ya hau raƙumi ya nemi likita ba, ba kuwa wanda zai rubuta sunansa. Wanda ake ɗaukowa shi ne wanda jini ya riga ya ɓalle ma. Likita bai ga ciwon duka ba, ƙarshensa ya gani.

Kuma lokacin ya zo da matsi. Babbar salla ta faɗo a tsakiyar watan Satumba, ranar da kowane magidanci ke sa hannu cikin jini. Gashin da muke yi ma ragon layya a Nijar, a gicciye shi jikin itace a kewaye wuta yini guda, ya isa ya kashe kowace ƙwaya. Abin tsoron shi ne safiyar yanka da fiɗa. Bayan salla kuma ga taron shan gishiri na Ingal, daga 23 zuwa 25 ga Satumba, inda garkuna ke haɗuwa daga Nijar da ƙasashen maƙwabta. Daga can kowa zai watse, ya yi kudu. Hanyar kudu kuwa ta ina ta bi? Ta Abalak, ta Kawo, ta ƙasashen Barmu da Afala, har kasuwar Tawa. Shi ya sa hankalin hukuma ya tashi.

Aka buɗe wurin jinya a Cintabaraden, kyauta, da taimakon ƙungiyar ALIMA da ƙungiyar BEFEN ta ƴan Nijar. Ciwon ba shi da magani nasa na kansa. Abin da likita ke yi shi ne ya riƙe mara lafiya: ƙarin ruwa, saukar da zafin jiki, ƙarin jini in ya kama, har jiki ya ci ƙarfin cutar. Aka yi ta jan kunnen jama'a: a tafasa madara, a bar yanka bisa mara lafiya, a rufe mushe da ɗan ɓari cikin rami, a kwana cikin gidan sauro. Aka shiga neman marasa lafiya har Tasara da Abalak.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Zuwa watan Disamba, waɗanda aka zarga da ciwon sun kusa 400. Mamata kuwa 33. Wato daga 22 ga Satumba zuwa ƙarshen shekara, mutum 5 suka ƙaru. I, damina ta wuce, tabkuna sun ja baya, sauro ya ragu, wannan ya taimaka. Amma ciwon da aka san sunansa, ake nemansa, ake zuwa likita da wuri saboda shi, ba ya kisa kamar wanda ke yawo cikin duhu.

Akwai wani lissafin da ya kamata ku ji. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, da ta awon cututtukan bisashe, LABOCEL, sun bi diddigin annobar. Cikin jinin mutum 399 da aka auna, 17 ne awo ya tabbatar suna da ciwon. Wannan alama ce cewa da yawa cikin masu masassarar, wata cuta ce daban ke damun su. Ido kaɗai ba ya rarrabe masassara da masassara, ko idon likita ne. Sai awo. Don haka wanda ya ce da ku ya san ciwon nan da gani, har yana da maganinsa a jaka, ku riƙe kuɗinku.

Masu binciken sun kuma duba irin ƙwayar, kamar yadda makiyayi ke duba saniya ya faɗi asalinta. Suka tarar ƴar'uwar wadda aka gani a Senegal a 2013 ce, da wadda aka gani a Muritaniya a 2015.

GARKE NE KE FARA MAGANA

A duk inda ciwon nan ya ɓarke, daga Naibasha zuwa Roso, bisashe yake fara kamawa, sannan mutane. Tsakanin ɓarin tumaki da kwanciyar mutum akwai ƴan kwanaki, wani lokaci makonni. Senegal da Muritaniya sun ɗauki darasi bayan 1987. Suka ware wasu ƙananan garkuna kusa da tabkuna, ana ɗibar jininsu da damina ana aunawa, kamar mai gadi a ƙofar gari. Yau kuma likitocin mutane da na bisashe suna da wata magana da suke ce ma Lafiya Ɗaya: lafiyar mutum, da ta bisa, da ta ruwa da daji, a dube su tare.

Maganar tana da daɗi a ofis. Amma a ganinmu, ma'aikacin kiwo ɗaya ba zai iya zagaya kowane tabki na Azawak ba, ko an ba shi mota. Wanda ke ganin ɓarin farko shi ne mai tunkiya, ko matarsa, ko ɗansa. Kuma mun san abin da ke rufe masa baki. Yana tsoron a hana shi kasuwa. Yana tsoron a ce garkensa ne ya kawo annoba. Wani ma sai ya yi sauri ya kai sauran tumakin kasuwa kafin su faɗi, ya sayar da cutar tare da su. In hukuma tana son a kawo mata labari da wuri, sai ta tabbatar ma talaka cewa faɗin gaskiya ba zai zama sanadin tsiyarsa ba.

Wanda ya ga ɓari ya yi yawa, ya sanar da mai gari, ko ma'aikacin kiwo, ko gidan likita mafi kusa. Kada a taɓa ɗan ɓari da mahaifa da hannu tsirara. In babu safar hannu, ko leda mai kauri a sa, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a rufe, a wanke hannu da sabulu. Wanda masassara ta kama bayan ya yi yanka ko ya karɓi haihuwar bisa, in ya je likita ya faɗi haka da bakinsa, kada ya jira a tambaye shi. Wannan kalma ɗaya tana iya rage kwana 45 su koma kwana 5.

Akwai allurar rigakafi ta bisashe. Amma kafin annoba ake yin ta. In ciwon ya riga ya shiga garke, allura ɗaya da ake soka ma wannan a soka ma wancan tana iya raba cutar maimakon ta tsare ta. Tsohuwar allurar kuma takan sa tunkiya mai ciki ɓari, don haka aikin masana ne, ba na ɗan kasuwa mai allura a aljihu ba. Ta mutane kuwa, har yanzu babu wadda aka yarda a yi ma jama'a. Ana kan gwaji.

A daminar 2025 ciwon ya sake ɓarkewa a Muritaniya da Senegal. A Senegal ya fi ƙarfi a jihar Sanluwi, bakin kogin nan dai da aka datse a Diyama. Bisashe sun yi ɓari, mutane sun mutu.

To jama'a, mu kwana nan.